Tun daren da mai jego ta rasu a hannunta, abokiyar aikina ta daina magana

Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce, kuma ni ce shugabar ɗakin haihuwa a wani babban asibitin gwamnati a Arewa. Da mu goma sha huɗu ne, yanzu mun koma tara. Wasu sun tafi ƙasar waje, wasu sun yi ritaya, ba a kawo madadinsu ba. Wata biyu da suka wuce wata mata ta rasu sanadiyyar zubar jini bayan haihuwa a hannun ɗaya daga cikin yarana, cikin dare, daga ita sai mai taimaka mata. Tun daga ranar ta daina hira, tana gudun aikin dare, kuma na ji ƙishin-ƙishin sai ta sha diazepam take samun barci. Ni kaina ba lafiya ce ta ishe ni ba. Ina yi wa masu naƙuda tsawa, in na koma gida ko 'ya'yana ba na son su yi mini magana. Asibitinmu ba shi da mai ba ma'aikata shawara. Ina so mu fara taimakon junanmu, amma ina tsoron abin ya koma tsegumi. Ta ina zan fara?

Wata ungozoma

Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya jiƙan wadda ta rasu, ya raya abin da ta bari, ku kuma ya saka muku da alheri a kan wannan aiki.

Za mu zo kan yadda za ku tsara taimakon juna, amma yarinyar nan taki ba za ta iya jiran tsari ba. A makonnin farko bayan irin wannan mutuwa, rashin barci da firgita da yawan tuna abin da ya faru abu ne da kusan kowa ke ji, kuma yawancin mutane suna samun sauƙi cikin wata guda in akwai masu tsaya musu. Ita kuwa wata biyu ke nan, tana gudun lokacin da abin ya faru, har ta koma ga ƙwaya. Wannan ya wuce abin da hira kaɗai za ta warware. Ki same ta cikin wannan makon.

Kada ki kira ta ofis ɗin da ake ba da takardar tuhuma, don tana shiga za ta ɗaure. Ki tare ta bayan ta tashi daga aiki, a wurin da ba kowa, ki zauna kusa da ita, ki ajiye waya. Ki faɗi abin da idonki ya gani kawai: "Na lura tun daren nan ba ki dawo daidai ba. Ba tuhumarki na zo yi ba. Yaya barcinki?" Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, za ki ji kamar ki cike shi da nasiha, ki daure. Kada ki fara da jita-jitar diazepam, domin abin da za ta ji shi ne ana maganarta a bayan idonta. Ki tambaye ta me take yi in barci ya ƙi zuwa. In ta faɗa da bakinta, sai ki nemi sanin nawa take sha, dare nawa ta jera tana sha, kuma daga ina take samu.

Kowace amsa tana da abin da take nufi. Wanda ya jera makonni yana shan diazepam kullum ba a ce masa ya daina yau. Tsayar da shi farat ɗaya na iya kawo rawar jiki, fargaba mai tsanani, har da farfaɗiya, don haka likita ne zai riƙa rage shi kaɗan-kaɗan. Kuma tun asali ba maganin wannan matsala ba ne. A ƙa'idojin da ta fitar a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da irin waɗannan magunguna don rashin barci ko firgici a watan farko bayan mummunan abu ya faru. In kuwa daga kabad ɗin ɗakinku take ɗauka, to ki karɓe mukullin daga hannunta na ɗan lokaci ba tare da shela ba, ki duba littafin magungunan da ake ƙirgawa, musamman pentazocine, allurar kashe zafi mai sa mutum ya kamu da ita, wanda ya sha kama ma'aikatan lafiya saboda yana kusa da hannunsu.

Akwai tambayar da mutane ke gudu, kuma dole ki yi ta: "Kin taɓa jin gara ki mutu? Kin taɓa tunanin yi wa kanki lahani?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, bincike ya daɗe da nuna haka. A wurinmu ma ta fi muhimmanci, saboda mai irin wannan tunani ya san addini ya hana, sai kunya ta ƙara sa shi ɓoyewa. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a raba ta da magungunan da ke hannunta, a sanar da wani nata da ta yarda da shi da saninta, kuma ta ga likita a ranar. In ta ce a'a, har yanzu tana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan adam, sai dai babu gaggawa irin ta farko. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Ma'aikacin lafiya ya fi kowa jin nauyin a gan shi a layin wannan sashe a asibitin da aka san shi, don haka in ta fi son zuwa wani gari, ki ba ta ranar da za ta je, kada ki tambayi dalili.

Maganar aikin dare kuwa, ki cire ta na mako biyu ko uku, sannan ki mayar da ita a hankali tare da wata babba, dare ɗaya, sai biyu. Cire ta gaba ɗaya kamar tausayi ne, amma duk daren da ta guje wa sai tsoron ya ƙara kafuwa.

Abin da ya same ta sananne ne a duniyar aikin lafiya. A shekarar 2000 wani likita a Amurka, Albert Wu, ya yi rubutu a kan yadda ma'aikacin da majinyaci ya cutu ko ya mutu a hannunsa shi ma yake fita da rauni, ba tare da kowa ya kula ba. A 2011 asibitin Johns Hopkins, inda yake aiki, ya kafa tawagar ma'aikata da aka horar, waɗanda abokan aikinsu ke iya kira dare ko rana. Ba sa binciken wa ya yi laifi, halin da mutum yake ciki kawai suke tambaya. Ku ba ku da kuɗinsu, amma wannan ƙa'idar ba ta buƙatar kuɗi.

Sai ke. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin abin da matsin aiki mai daɗewa ke haifarwa, ta ba ta alamomi uku: ƙarewar kuzari, nisantar aikin a zuciya har mutum ya daina jin tausayin waɗanda yake yi wa, da jin cewa ba ka tsinana komai. Tsawar da kike yi wa masu naƙuda alama ta biyu ce. Ba halinki ne ya ɓaci ba, amma matan da ke kan gadon su ne ke kwasar abin, kuma macen da aka yi wa tsawa a haihuwar fari takan zaɓi haihuwa a gida a ta biyu. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a wasiƙarki shi ne maganar 'ya'yanki. Gajiyar aiki takan yi sauƙi in an sami hutu. In ta biyo ki gida, abubuwan da kike jin daɗinsu da suka daina yi miki daɗi har mako biyu ko fiye, to ana tunanin ciwon damuwa. Ki cike takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, ana samunta kyauta a intanet. Makinta daga 0 zuwa 27 ne, kuma 10 zuwa sama na nufin ki ga likita. Ki sa a duba yawan jininki, da hawan jini, da sukari, da maƙoƙo, don su ma suna kawo kasala da saurin fushi.

Yanzu ga tsarin. Shawararmu ita ce kada ki fara da taro. Ki fara da mutum biyu-biyu.

Kowace ma'aikaciya ta samu abokiya guda ɗaya da aka san ita ce tata. Sojojin Amurka ne suka daɗe da wannan tsari, asibitoci da dama kuma suka ara lokacin korona a 2020. Tun da ku tara ne, ke ki fita, sauran takwas su rabu biyu-biyu, gida huɗu. Sharaɗi na farko su kasance masu haɗuwa a aiki, ko dai suna shiga tare ko ɗaya na miƙa wa ɗaya, domin abokiyar da ba ki gani sai bayan mako biyu suna ce kawai. Na biyu, matsayinsu ya yi kusa. In kika haɗa wadda ta fara aiki bara da mai shekara ashirin, ƙaramar za ta ce "lafiya lau, Anti" ko da tana mutuwa. Na uku, kada ki haɗa aminai na ƙut-da-ƙut, saboda su sukan rufa wa juna asiri har kan abin da bai kamata a rufa ba, kuma kada ki yi amfani da tsarin don sasanta waɗanda ba sa ga-maciji. Hanya mafi sauƙi, kowace ta rubuta sunaye uku da za ta iya zama da su, ta ba ki a ninke, ke kuma ki haɗa. Bayan wata uku a sake duba haɗin, wadda take son canji ta canza ba sai ta faɗi dalili ba.

Aikin abokiyar minti uku ne zuwa biyar, a farkon aiki da ƙarshensa. "Yaya aiki?" ba tambaya ba ce, gaisuwa ce, amsarta "da godiya". Tambayoyin da ke fito da gaskiya su ne masu neman amsa takamaimai. Awa nawa kika yi barci? Me kika ci tun safe? Akwai majinyaciyar da ta tsaya miki a rai? Daga ɗaya zuwa goma, ina kike yau? Lambar tana da amfani ga wadda ba ta son dogon bayani. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa wadda ta ce huɗu ko ƙasa sau uku a jere, abokiyarta za ta zauna da ita zama na sosai, su yanke wa za a gaya wa.

Abu na biyu, ku rubuta abin da za a yi in an yi mutuwa ko wani mummunan abu, irin jaririn da bai zo da rai ba, ko jijjigar da ta ƙi lafawa, ko dangi su zagi ma'aikaciya ko su ɗaga mata hannu. Rabin shafi ya isa, a manna a ɗakin canza kaya. Cikin awa ta farko wata ta karɓi gadajenta na minti ashirin zuwa talatin, ta wanke hannu da fuska, ta canza rigar da jini ya ɓata, ta sha ruwa, ta yi salla ko addu'a in tana so. Rubutun fayil ita za ta yi shi da hannunta, a kan lokaci, yadda abin ya faru, amma wata ta zauna kusa da ita. Ba ita kaɗai za ta fuskanci dangin mamaciya ba. In tana tuƙi, kada ta tuƙa kanta gida a ranar. In da dare ne kuma babu mai karɓarta, kamar yadda ya faru da yarinyarki, abokiyarta ko ke ku kira ta a waya kafin gari ya waye, kuma ta tarar da wani yana jiranta lokacin miƙa aiki. Sannan a sake tuntuɓarta bayan kwana uku, a sake bayan wata ɗaya. Wannan tazara an ɗauko ta ne daga tsarin da sojojin ruwan Birtaniya suka fito da shi, kuma hikimarta ita ce a kwana uku ruɗewar farko ta lafa, a wata ɗaya kuma ana gane wadda ke warkewa da wadda ta maƙale.

A nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin kuskure. Sukan tara duk waɗanda abin ya shafa washegari, a ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla, wai don a fitar da abin daga zuciya. An gwada wannan a bincike da yawa, ba a ga yana hana ciwon firgici ba, wasu ma ya ƙara musu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar shi. Abin da ta ba da shawara a kai, a littafin jagorar agajin farko na zuciya da ta fitar a 2011, abu uku ne: ka duba halin da mutum yake ciki, ka saurare shi in yana son magana, ka sada shi da abin da yake buƙata. Wadda ba ta son magana a bar ta, a dai nuna mata ƙofa a buɗe take.

Kalmomin da ake faɗa ma suna da tasiri. "Ba laifinki ba ne" daga bakin wadda ba ta wurin ba ya shiga, domin ita ta san minti nawa ta ɗauka kafin ta lura jinin ya yi yawa, kuma za ta ji kin rufe ƙofar maganar. "Kwananta ne ya ƙare" gaskiya ce, kuma tana sanyaya zuciya in ta zo bayan an saurari mutum. In ta zo a farko, abin da take ji shi ne "yi shiru ki koma aiki". Abin da ya fi shiga shi ne babbar ungozoma ta ce mata: "Irin wannan daren babu wadda ta daɗe a ɗakin nan ba ta gan shi ba. Me ya fi damunki a ciki?" Sau da yawa amsar ba abin da kike zato ba ce. Wata za ta ce fuskar uwar mamaciyar, wata ta ce jinin da aka nema a ɗakin ajiya aka rasa.

Ki raba wannan da zaman bitar mace-macen mata masu haihuwa da asibitoci ke yi. Zaman bitar yana neman inda tsari ya gaza, kuma ƙa'idarsa ba a kama suna, ba a ɗora laifi, ko da yake kin san yadda wani lokaci yake juyewa. Wajibi ne a yi shi. Amma abin da ta faɗa wa abokiyarta ba ya shiga can, abokiyar ba ta rubuta komai, kuma in ranar bitar ta zo a gaya mata tun da wuri abin da za a tambaye ta, abokiyarta ta raka ta.

Bayan wata ɗaya ko biyu da fara tsarin biyu-biyu, in kin ga ya kama, sai a buɗe zaman rukuni. Asalinsa daga Landan ne, inda Michael Balint ya riƙa tara likitoci a shekarun 1950 don su tattauna majinyatan da suka tsaya musu a rai. Mutum shida zuwa goma, sau ɗaya a mako biyu, minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya, rana ɗaya da lokaci ɗaya da ba a canzawa. Lokacin da masu safe ke miƙa wa masu yamma ya fi dacewa, bayan azahar, mutum biyu su tsare ɗaki bi da bi. A sami ɗaki mai ƙofa, a jera kujeru a zagaye, a ajiye ruwa da ɗan abin taɓawa, don wadda ta wuni ba ta ci ba hankalinta na kan tafiya gida.

Ga yadda ake raba lokacin. Minti biyar na farko kowa ta faɗi lambarta ta ranar. Sai mutum ɗaya ta kawo majinyaciya ko lamarin da ya dame ta, minti goma, ba fayil, ba suna, ba unguwa, ba mai katse ta. Minti biyar a yi mata gajerun tambayoyi don a fahimta. Daga nan ta ja kujerarta baya kaɗan ta yi shiru, sauran su yi minti ashirin suna magana a tsakaninsu: da ni ce me zan ji, ita majinyaciyar me take ji a lokacin, me ya sa wannan ya fi sauran ciwo. Ja da bayan nan shi ne sirrin zaman. In tana cikin da'irar za a yi ta jefa mata "me ya sa ba ki yi kaza ba", ita kuma ta shiga kare kanta. A ƙarshe ta dawo ta faɗi abin da ta ɗauka, in ta ga dama, a rufe a kan lokaci ko da hira ta yi daɗi. Ku ɗauke shi kamar adashe, kowa na zubi kuma kowa na da ranar ɗauka. In manya suna saurare kawai ba sa kawo nasu, ƙanana za su gane cewa su ake kallo, su daina.

Kin yi daidai da kika ji tsoron tsegumi, don shi ne ya fi kashe irin wannan zama, kuma sau ɗaya ya isa. A zaman farko kowa ta faɗa da bakinta cewa abin da aka ji a ɗakin ya tsaya a ɗakin, har da miji da aminiya ba a ba su labari. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A kuma faɗi iyakar sirrin tun ranar, don kada wata ta ce an ci amanarta daga baya. Abu uku ne ke fita: wadda rayuwarta ke cikin haɗari, abin da zai cutar da majinyata, da ɗaukar magungunan asibiti. Ko su ma, ita za a fara gaya wa kafin a kai gaba. In magana ta fita ba ta wannan hanya ba, kada a share. A tayar da ita a zama na gaba, wadda ta fitar ta nemi afuwa, in ta sake a sallame ta daga zaman. Zauren WhatsApp kuma a bar shi don sanar da lokaci da musayar ranakun aiki kawai. Labarin majinyata da hotunansu ba sa shiga waya.

Ga magana mai ɗan ɗaci. Ke ce ke rubuta rosta, wato jadawalin aiki, ke ke cike musu takardar auna ƙwazo ta shekara, ke ke sa hannu a hutu. Komai kirkinki, ba za su faɗi kuskurensu a gabanki yadda za su faɗa a bayanki ba. Ki samar da lokaci da ɗaki, ki kare zaman daga masu cewa ana zaman banza, ki bar su su zaɓi mutum biyu daga cikinsu su jagoranta. A zama ukun farko ma kada ki shiga, daga baya su suka san ko za su gayyace ki. Ke kuma ki nemi taki abokiyar a cikin shugabannin wasu ɗakuna, ta ɗakin yara ko ta ɗakin gaggawa, wadda ta san nauyin raba mutum tara a kan dare talatin.

Sauran hanyoyin lalacewa an san su. Zaman kan koma kukan albashi da alawus. Kukan gaskiya ne, amma ya cinye awa guda a tashi an fi da ɗaci, don haka a ware masa minti biyar na ƙarshe, a rubuta abu ɗaya da za a kai gaba. Yakan koma wa'azi, wata ta karɓe shi da nasiha har mai magana ta ji kamar ƙarancin imani ne ya sa take kuka. A buɗe da addu'a in kowa ya yarda, a kula da cewa akwai Musulmi da Kirista a ɗaki, amma jagora ta mayar da magana kan wadda ta kawo damuwarta. Akwai kuma mutum ɗaya da Allah ya ba kunnen saurare, kowa sai ya nufe ta, bayan wata shida ita ce za ta faɗi. Shi ya sa jagoranci ke juyawa duk wata uku, kuma jagorori biyun su riƙa zama minti goma su kaɗai bayan kowane zama. Masu aikin dare a riƙa juya ranar ko a yi musu nasu da safe. Kada a manta da masu taimako da masu shara, su ne ke goge jinin, su ne ke naɗe gawar jariri, kuma ba wanda ke tambayarsu yadda suka kwana. Likitoci kuwa ku bar gayyatarsu sai zaman ya yi ƙarfi, saboda tsohuwar tsamar da ke tsakanin ɓangarorin ma'aikatan lafiya takan shigo ɗaki tare da mutane.

Ba ma so ki fita daga wannan amsa da tunanin cewa zama da saurare zai maye gurbin mutum biyar da kuka rasa. Wani nazari da aka wallafa a 2017 a mujallar JAMA Internal Medicine, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan likitoci, ya nuna cewa gyaran tsarin aiki ya fi rage wannan gajiya a kan abin da ake koya wa mutum ya yi da kansa. Akwai hatsarin shugabannin asibiti su ji kuna da zaman taimakon juna su ce to an magance. Don haka ki tattara hujja. Na mako huɗu ki rubuta haihuwa nawa aka karɓa a kowane zango, ma'aikata nawa ke bakin aiki, sau nawa aka nemi jini ko oxytocin (allurar tsayar da zubar jini) ko magnesium sulphate (maganin jijjiga) aka rasa, sau nawa wata ta wuce lokacin tashinta da fiye da awa biyu. Ki kai wa shugabar sashen jinya a rubuce, ba sunan kowa, da buƙata ɗaya ko biyu da za a iya biya, kuma ki ba wakilan ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma na asibitin kwafi. Buƙata ta farko a ganinmu ita ce kada a sake barin ungozoma ɗaya a ɗakin haihuwa da dare. Zubar jini bayan haihuwa aikin hannu da yawa ne: mai murza mahaifa, mai sa layin ƙarin ruwa, mai haɗa allura, mai kiran likita da neman jini. Mutum ɗaya ba ta iya yin su a lokaci guda, kuma yarinyarki tana buƙatar ta ji wannan daga bakinki.

Abin da ke hannunki a rosta ki gyara shi ba sai kin jira kowa ba. Kada wadda ta tashi daga aikin yamma ta dawo da safe in akwai yadda za a yi. A Tarayyar Turai doka ta tanadi hutun awa 11 a jere a kowace rana, kuma ma'auni ne mai kyau ko a nan. Ki rage yawan dararen da mutum ke jerawa in sun yarda, ki fitar da rosta aƙalla mako biyu kafin wata ya kama don masu yara su shirya, ki bar su su yi musaya tsakaninsu muddin an sanar da ke. In dare ya yi sauƙi kuma mutum biyu ne a ɗaki, su yi barcin minti ashirin zuwa talatin bi da bi, da izininki a fili, don kada ya zama abin da ake yi a ɓoye ana tsoron a kama mutum. Hutun shekara kuma ki tsara shi tun Janairu, ki sa naki a ciki da kwanan wata, ki kuma nuna wadda za ta riƙe ɗakin in kin tafi.